Barry Vercoe: Daga ɗakin haɗa sauti zuwa ajin firamare

A shekarar 2025 ne Farfesa Barry Vercoe, masanin kiɗa da lissafi ɗan ƙasar New Zealand, ya rasu yana da shekaru 87. Ya shafe kusan shekaru 40 yana koyarwa a jami'ar MIT da ke Amurka, inda ya haɗa sana'o'i biyu da ba a saba ganinsu a hannun mutum ɗaya ba, wato tsara kiɗa da na'urorin lantarki da kuma ƙera kayan koyarwa na zamani.

Sunansa dai ba sananne ba ne a wajen akasarin jama'a, amma aikinsa ya iso har Nijeriya. Ƙananan kwamfutocin nan masu launin kore da fari da aka raba wa ɗaliban makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a shekarar 2007 an ƙera irinsu ne ɗauke da manhajar sauti wadda shi ya rubuta ta tun a tsakiyar shekarun 1980.

Tarihin rayuwarsa ya ƙunshi wata tambaya da har yanzu gwamnatoci da jami'o'i ke kashe maƙudan kuɗi a kanta: shin na'ura tana iya koyar da yaro, ko kuwa sai da malami?

Mene ne kiɗan lantarki?

Kiɗan da aka saba da shi yana fitowa ne daga hannu ko bakin makaɗi, ko dai ya buga fata, ko ya goga izga, ko ya busa ƙaho. A kiɗan lantarki kuwa, lasifika ce ke fitar da sautin, kuma mai tsara kiɗan yana aiki ne a kan sautin kansa. Yana iya naɗar ƙarar jirgin ƙasa ko muryar mutum ya yanka ta, ya juya ta baya, ya rage mata sauri ko ya ƙara. Yana kuma iya ƙirƙiro sautin da babu wani abu a duniya da ke yin irinsa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara wannan aiki ɗan Afirka ne. A shekarar 1944 wani ɗalibin aikin gona a birnin Alƙahira mai suna Halim El-Dabh ya ari rakodar da ke naɗar sauti a kan siririyar waya, ya ɗauki muryoyin mata a wajen bikin zar, wanda ya yi kama da bori a ƙasar Hausa. Daga nan ya shiga ɗakin wani gidan rediyo ya sarrafa muryoyin har suka koma wani abu dabam. Daga baya El-Dabh ya koyar a Addis Ababa da kuma jami'o'in Howard da Kent State a Amurka, ya rasu a 2017.

A 1948 Pierre Schaeffer, injiniya a gidan rediyon Faransa, ya tsara wani kiɗa daga ƙarar jiragen ƙasa zalla. Shekaru uku bayan haka gidan rediyon birnin Kolon a Jamus ya buɗe ɗakin da ake haɗa sauti daga lantarki tsantsa. Ke nan a nahiyar Turai gidajen rediyo ne suka raini wannan fanni.

A Amurka lamarin ya sha bamban, domin babu gidan rediyon gwamnati mai irin wannan ƙarfi. Nauyin sai ya faɗa kan jami'o'i da kamfanoni. A 1959 jami'o'in Columbia da Princeton suka kafa cibiyar haɗin gwiwa a birnin New York da tallafin gidauniyar Rockefeller. A wancan zamani masu son wannan kiɗa da dama a Amurka sun zama malaman jami'a, saboda a can ne aka fi samun na'urorin.

Yadda kwamfuta ke yin sauti

Sauti girgizar iska ce. Idan tsirkiya ta girgiza sau 440 a cikin daƙiƙa ɗaya, kunne zai ji wani amo. Idan ta girgiza sau 880, zai ji amon ya ƙara siranta. Makirufo yana mayar da wannan girgiza zuwa lantarki, kwamfuta kuma tana auna ƙarfin lantarkin sau dubbai a kowace daƙiƙa tana rubuta lamba. A faifan CD, alal misali, ana yin wannan awo sau 44,100 a daƙiƙa.

Wani injiniya a cibiyar bincike ta Bell Labs mai suna Max Mathews ya lura cewa ana iya bin hanyar ta baya. Maimakon a naɗi sauti a mayar da shi lambobi, sai kwamfuta ta lissafo lambobin da kanta, a tura su ga lasifika. A 1957 ya rubuta manhajar farko da ta yi haka, kuma kiɗan da ta fitar bai wuce daƙiƙa 17 ba.

Alaƙar kiɗa da lissafi dai tsohuwar aba ce. Malaman Musulunci irin su Al-Kindi da Al-Farabi sun yi rubutu a kan yadda tsawon tsirkiya ke sauya amo, kuma a tsarin ilmi na zamaninsu ana lissafa nazarin kiɗa ne a cikin rassan lissafi. Abin da kwamfuta ta kawo shi ne damar jin sakamakon lissafin da kunne.

To sai dai a farkon lamarin jin ba ya zuwa da wuri. Mai tsara kiɗa zai huda katuna ɗari-ɗari ya miƙa wa masu kula da babbar kwamfutar jami'a, ya koma gida ya jira. Malaman Princeton har sai sun ɗauki faifan lambobin a mota sun kai Bell Labs kafin a mayar musu da shi sauti. Idan aka samu kuskuren lamba ɗaya, sai a sake daga farko.

Zuwan Vercoe jami'ar MIT

An haifi Barry Vercoe a birnin Wellington a 1937. Ya yi digiri biyu a jami'ar Auckland, ɗaya a kiɗa ɗaya a lissafi, sannan ya tafi jami'ar Michigan a Amurka inda ya samu digirin digirgir a fannin tsara kiɗa a 1968. A ƙarshen shekarun 1960 ya rubuta manhajar Music 360 domin manyan kwamfutocin kamfanin IBM, wadda jami'o'i da dama suka yi amfani da ita.

A 1971 MIT ta ɗauke shi aiki. Jami'a ce ta injiniyoyi da masana kimiyya, kuma akasarin ɗaliban da ke zuwa ajinsa ba makaɗa ba ne. A 1973 ya buɗe ɗakin gwaje-gwajen kiɗa na jami'ar, ya samar masa da ƙaramar kwamfuta samfurin PDP-11 wadda ba ta da wani aiki sai na sauti, ya kuma rubuta mata manhajar Music 11.

Muhimmancin wannan mataki ga koyarwa shi ne ya rage tazarar da ke tsakanin gwaji da sakamako. Ɗalibin da zai jira kwana biyu kafin ya ji kuskurensa ba zai yi gwaji da yawa ba. Wanda zai ji cikin 'yan mintoci kuwa, yana iya gwadawa sau ashirin a dare ɗaya, kuma a nan ne koyon yake.

Bai daina tsara kiɗa ba. A 1976 ya fitar da wani aiki mai suna Synapse, inda mai goge irin na Turawa ke wasa tare da sautin kwamfuta. Amma irin wannan haɗi yana da matsala: faifai ba ya jiran kowa, dole makaɗin ya bi saurin na'ura. Don magance haka ne a farkon shekarun 1980 ya je cibiyar IRCAM da ke birnin Paris, inda ya yi aiki da wani mai busa sarewa, Larry Beauregard. An maƙala wa sarewar na'urorin da ke gane motsin yatsu, kwamfutar kuma tana bibiyar inda ya kai a cikin kiɗan, ta yi sauri idan ya yi sauri, ta lafa idan ya lafa, kamar yadda ɗan amshi ke bin ubangidansa. An nuna wannan aiki a wani taro a Paris a 1984.

Manhajar Csound

Aikin da aka fi saninsa da shi shi ne Csound, wadda ta fito a 1986. Ya sake rubuta tsohuwar manhajarsa ne da harshen kwamfuta na C, wanda kusan kowace irin na'ura ke fahimta. Wannan ya sa ba sai jami'a ta mallaki wata kwamfuta ta musamman ba.

Tsarinta mai sauƙin ganewa ne. Mai amfani da ita yana rubuta abubuwa biyu. Na farko shi ne bayanin kayan kiɗan, wato yadda za a haɗa kowane sauti, yadda zai tashi da yadda zai gushe. Na biyu shi ne jerin umarni: wane abin kiɗa ne zai yi ƙara, a wace daƙiƙa, tsawon wane lokaci, da wane amo. Kwamfuta sai ta haɗa biyun ta fitar da sauti.

Saboda komai a rubuce yake, babu abin da ke ɓoye. Ɗalibi yana iya karanta aikin malaminsa layi bayan layi, ya sauya lamba ɗaya ya ji abin da ya canja. Da haka darasin kiɗa ya kan koma darasin lissafi da kimiyyar sauti da rubuta manhaja a lokaci guda. A 2003 aka sake ta a ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar ɗauka da gyarawa kyauta.

Ɗaliban da suka ratsa ta hannunsa su ma sun yi tasiri. Miller Puckette, wanda ya yi aiki a ɗakin gwajinsa, shi ne ya ƙirƙiro manhajojin Max da Pure Data da ake koyarwa da su a sassan kiɗa na jami'o'i da dama. Wasu tsofaffin ɗaliban cibiyar su biyu, Brian Whitman da Tristan Jehan, sun kafa kamfanin Echo Nest a 2005 domin koya wa kwamfuta tantance waƙoƙi, kuma kamfanin Spotify ya saye shi a 2014.

Ba shi kaɗai ba ne

Vercoe yana cikin wani rukuni na malamai da suka bi irin wannan hanya. A kwalejin Dartmouth, Jon Appleton da injiniyoyi biyu, Sydney Alonso da Cameron Jones, sun fara ƙera wata na'ura a farkon shekarun 1970 domin taimaka wa ɗalibai koyon kiɗa ta kwamfuta. Ita ce daga baya ta zama Synclavier, wadda manyan mawaƙa suka riƙa saye da tsada. Sautin da ya buɗe waƙar Beat It ta Michael Jackson daga ita ya fito.

A jami'ar Delaware kuma, Fred Hofstetter ya tsara wani shiri mai suna GUIDO a tsakiyar shekarun 1970. Kwamfuta ce ke kaɗa amo, ɗalibi ya faɗi abin da ya ji, ita kuma ta gaya masa ko ya dace, ta kuma ajiye sakamakonsa domin malami ya ga inda yake da rauni.

Akwai kuma batun kuɗi. A 1967 John Chowning na jami'ar Stanford ya gano wata dabara ta haɗa sautuka masu yawa da ɗan lissafi kaɗan. Da farko jami'ar ba ta ga darajar aikinsa ba, har ta ƙi tabbatar masa da kujerarsa. Kamfanonin Amurka ma ba su nuna sha'awa ba, sai kamfanin Yamaha na Japan ne ya karɓi lasisi, ya fitar da fiyanon DX7 a 1983. Wannan lasisi ya samar wa Stanford kimanin dala miliyan 20, ya kuma zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kawo mata kuɗi a wancan zamani. Jami'ar dai ta dawo da shi tun kafin nan, ya jagoranci cibiyarta ta binciken kiɗa da sauti.

Dalilin da ya sa makaɗa suka yi fice a fasahar koyarwa ba ɓoyayye ba ne. Sauti ba ya haƙuri da jinkiri. Idan hoto ya makara da rabin daƙiƙa ana iya jurewa, amma idan amo ya makara kunne zai gane nan take. Don haka masu kiɗan kwamfuta suna cikin waɗanda suka fara matsa wa injiniyoyi lamba su ƙera na'urar da ke amsa wa mutum a take, kuma irin wannan na'ura ce aji ke bukata.

Kwamfuta ɗaya ga kowane yaro

A 1985 Vercoe ya kasance cikin malaman da suka kafa cibiyar Media Lab a MIT a ƙarƙashin Nicholas Negroponte. Daga cikin abokan aikinsa akwai Seymour Papert, masanin lissafi haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya yi imani cewa yaro ya fi koyo idan yana gina wani abu da hannunsa, a maimakon zama yana sauraron bayani.

A kan wannan aƙida ce Negroponte ya sanar da shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro a taron Davos na watan Janairun 2005. A watan Nuwamba na shekarar, shi da Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Kofi Annan, suka nuna samfurin farko a birnin Tunis. Burin shi ne a sayar wa gwamnatocin ƙasashe masu tasowa kowace ɗaya a kan dala 100.

Kwamfutar, mai suna XO, an yi ta ne ta jure ƙura da faɗuwa, ba ta cin wuta da yawa, kuma ana iya karanta allonta a cikin rana. An sanya mata Csound, sannan wata tawaga a jami'ar Montreal ta Kanada a ƙarƙashin Jean Piché, wanda shi ma mai tsara kiɗan lantarki ne, ta gina wasannin kiɗa na TamTam a kanta. Yaron da bai iya karatu ba tukuna yana iya danna maɓalli ya ji ganga, ya jera sautuka, ya naɗi muryarsa ya sarrafa ta. Manhajar da aka rubuta domin masu digirin digirgir sai ga ta a hannun 'yan aji uku.

Amma shirin bai kai inda aka yi fata ba. Farashin bai sauko dala 100 ba, ya tsaya kusa da 200. Gwamnatin Shugaba Olusegun Obasanjo tana cikin waɗanda suka nuna sha'awar sayen miliyan ɗaya, sai dai ba a kai ga cinikin ba. Ƙasashen da suka saya da yawa su ne Uruguay, wadda ta bai wa kowane ɗalibin firamaren gwamnati, da kuma Peru.

A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a makarantun karkara 319 na Peru, bayan watanni 15 da raba kwamfutocin. Yaran sun iya sarrafa na'urar, an kuma ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma ba a ga ƙarin maki a lissafi ko karatu ba. Masu sukar shirin sun ce an fifita rabon na'ura a kan horar da malamai, gyaran waɗanda suka lalace da samar da wutar lantarki.

Duk da haka Vercoe bai janye ba. Bayan ya yi ritaya daga MIT a 2010 ya ci gaba da aiki da reshen shirin na ƙasar Ostireliya, wanda ke kai kwamfutoci makarantun yankuna masu nisa, musamman na 'yan asalin ƙasar.

Idan aka dubi tarihin nasa da kyau, za a ga cewa nasarar da ya samu a MIT ba ta na'ura kaɗai ba ce. Ɗalibansa suna da kwamfuta, amma suna kuma da malamin da ya san kiɗa da lissafi yana zaune tare da su. A ƙauyukan Peru an kai kwamfutar, irin wannan malami kuwa bai samu ba.

Ina ruwan ƙasar Hausa?

Kiɗan lantarki ya daɗe da shigowa ƙasar Hausa, ko da yake ta ƙofar kasuwa ya shigo. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin Kano, kuma da shi aka yi akasarin waƙoƙin finafinan Hausa da na siyasa da na bege na zamani. Mutum ɗaya a gaban fiyano da kwamfuta yana yin aikin da a da sai an tara makaɗa masu yawa.

Wannan sauƙi yana da nasa farashin. An tsara fiyano ne bisa ma'aunin Turai, inda ake raba tsanin amo gida 12 daidai wa daida. Goge da kukuma ba su san wannan rabo ba, yatsan mai su yana sulalewa ne tsakanin amo da amo. Kalangu kuwa yana hawa da sauka ne gwargwadon yadda makaɗi ya matse tsirkiyoyinsa a hammata, shi ya sa yake iya bin karin harshen Hausa har mai sauraro ya gane kirarin da ake yi. Sautin da kamfani ya zuba a cikin fiyano ba ya yin wannan magana.

Manhaja irin Csound ko Pure Data ba ta da wannan iyaka, domin lamba take karɓa, kuma kowace lamba aka ba ta za ta fitar da amonta. Da ita ana iya auna yadda kalangun Mamman Shata ke bin muryarsa, ko yadda kuntigin Ɗan Maraya Jos ke amsawa, a adana ma'aunin, a kuma koyar da shi. Irin wannan aiki yana bukatar mutumin da ya san kiɗan gargajiya, ya san lissafi, ya kuma iya koyarwa, wato irin haɗin da Vercoe ya yi. Cibiyoyi kamar sashen kiɗa na Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka da cibiyar horar da makaɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai suna da makaɗan, sassan kimiyyar kwamfuta na jami'o'i kuma suna da masu lissafin.

Amfanin ilmin bai tsaya ga kiɗa ba. Da shi ake tace tsofaffin faifan karatu da wa'azi, da shi ake ƙera na'urar taimaka wa masu raunin ji, da shi kuma ake koya wa waya ta gane maganar mutum, abin da ke da wuya a harsuna masu karin sauti irin Hausa.

Kusan shekaru 40 bayan fitowarta, masu aikin sa kai a ƙasashe dabam-dabam ne ke kula da Csound, kuma tana aiki a kan ƙaramar kwamfuta da ma wayar Android. Ɗalibi a Kano ko Damagaram yana iya sauke ta ba tare da biyan ko kwabo ba. Abin da ya rage ga jami'o'i shi ne samar da malaman da za su zauna da shi su nuna masa yadda ake amfani da ita.